Jon Niyuton, Bafataken Bayi da Ya Nemi Gafara

Da yawa daga cikinmu mun ji labarin Jon Niyuton tun muna makarantar Lahadi, ko kuwa mun rera waƙarsa wadda Turawa su ke kira Amazing Grace. Yadda a kan ba da labarin shi ne, wai wani mugun Bature ne mai cinikin bayi, hadari ya taso masa a teku, ya yi kuka ga Allah, nan take ya saki bayinsa ya zama mai wa'azi. Labarin yana da daɗin ji, amma ba haka abin ya gudana ba. Gaskiyar ta fi wannan nauyi, a ganina kuwa ta fi amfani gare mu da za mu tsaya gaban yara mu koya musu abin da a ke nufi da furta zunubi da samun gafara. Don haka na ga ya kamata in tsara labarin bi da bi, yadda shi kansa ya bar shi a rubuce.

Ƙuruciyarsa

An haife shi a birnin Landan cikin shekara ta 1725. Ubansa kyaftin ne na jirgin ruwan fatake, mutum mai tsanani, yawancin kwanakinsa kuwa a teku ya ke yinsu. Uwarsa mace ce mai tsoron Allah. Ita ta koya masa karatu tun yana ɗan ƙarami, ta sa ya haddace ayoyi da waƙoƙi, burinta kuwa ya zama mai hidimar bishara. Amma tarin fuka ya kashe ta cikin 1732, yaron bai cika shekara bakwai ba. Uban ya sake aure, aka kai Jon makarantar kwana, ya yi wajen shekara biyu kawai. Iyakar zamansa a aji ke nan duk ransa. Yana da shekara 11 ubansa ya ɗauke shi zuwa teku.

Jirgin ruwa ba wurin tarbiyyar yaro ba ne. Duk da haka abin da uwarsa ta shuka bai mutu gaba ɗaya ba. Kafin ya kai shekara 16 ya ɗauri niyyar gyara halinsa har sau uku ko huɗu. Ya kan yi azumi, ya yi ta addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, bayan an jima kuma ya koma gidan jiya. Daga baya ya gane dalili, watau tsoron hukunci ne ke korarsa, amma zuciyarsa tana son zunubin tukuna. Cikin 1742 ya kai ziyara gidan waɗansu abokan uwarsa, ya ga 'yarsu Meri Katlet, sonta ya kama shi. Son nan kaɗai ne ya rage masa cikin munanan shekarun da suka biyo.

A zamanin nan sojan ruwa na Ingila su kan kama samari da ƙarfi a bakin tasha su sa su aikin jirgin yaƙi. Haka aka yi wa Jon cikin 1744, aka jefa shi cikin jirgin da a ke kira Harwich. Don darajar ubansa aka ba shi ɗan muƙami. A nan ya haɗu da wani aboki mai iya magana wanda ya rinjaye shi cewa addini tatsuniya ce, ya yarda, har shi ma ya shiga ɓad da bangaskiyar waɗansu. Ran nan ya gudu daga jirgi, aka kamo shi, aka tuɓe shi gaban jama'a aka yi masa bulala, aka ƙwace muƙaminsa. Baƙin ciki ya kai shi ga tunanin kashe kyaftin, ko kuwa ya faɗa teku. Tunanin Meri ne ya hana shi. Da suka isa tsibirin Madera sai aka yi musanyarsa, ya koma wani jirgin cinikin bayi mai zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. A can ma bai zauna lafiya ba, gama ya tsara waƙar zambo a kan kyaftin, ya koya wa 'yan jirgi duka. Ashe baiwar waƙa tana nan tun dā, zagi aka fara yi da ita.

Bawan bayi a Saliyo

Cikin 1745 ya sauka daga jirgi ya shiga barantaka wurin wani Bature mai sayen bayi, a wani ɗan tsibiri da ke gaɓar Saliyo. Ya zaci arziki zai yi. Maigidan yana da mata baƙar fata, mai faɗa a ji a wurin, ita kuwa ta ƙi jininsa. Da mijin ya yi tafiya, zazzaɓi ya kwantar da Jon, sai ta bar shi kan tabarma ba mai kula, ta kan aika masa da ragowar abin da ta ci. Yunwa ta kan sa ya fita da dare ya tono saiwa ya ci ɗanya. Akwai abu guda da ya rubuta wanda bai kamata mu manta ba: bayin da ke ɗaure cikin sarƙa su ne suka ji tausayinsa, su kan ɓoye daga ɗan abincin da a ke ba su su kawo masa a asirce. Littafi ɗaya ne ya rage a hannunsa, na lissafin zane na Yuklid. Ya kan zauna bakin teku yana zana darussan a kan rairayi da tsinke.

Ya rubuta wa ubansa wasiƙu a ɓoye. Uban ya roƙi wani attajirin Libaful mai jirage ya sa a nemo ɗansa. Cikin Fabrairu 1747 jirgin da a ke kira Greyhound ya same shi ya ɗauke shi. Wannan jirgi zinariya ya ke saye, da hauren giwa, da itacen rini, da kakin zuma, ya kuwa yi kusan shekara guda yana bin gaɓa kafin ya juya gida. Wuyar da Jon ya sha ba ta sa ya yi laushi ba ko kaɗan. Ashar da saɓon da ke fita daga bakinsa har kyaftin, wanda shi ma ba waliyyi ba ne, ya kan tsawata masa, daga baya ma ya riƙa cewa Yunusa ne ya ɗauko cikin jirginsa.

Hadarin 1748

Suna kan hanyar gida ya tsinci littafin Toma na Kempis a kan koyi da Kristi, yana karantawa don kashe lokaci. Sai tunani ya faɗo masa, in fa abubuwan nan gaskiya ne? Ya rufe littafin ya kwanta. Cikin daren nan, ran 10 ga Maris 1748, hadari ya fasa gefen jirgin, ruwa ya cika ɗakin da ya ke kwance. Ya tashi zai hau sama, kyaftin ya komar da shi ya ɗauko wuƙa, mutumin da ya hau a madadinsa kuwa igiyar ruwa ta share shi nan take. Jon ya kama famfo tun kafin asuba har tsakar rana, ɗaure da igiya don kada ruwa ya tafi da shi. Cikin wannan hali ne kalmar neman jinƙan Ubangiji ta kuɓuce daga bakinsa, abin da ya yi shekaru bai faɗa ba. Shi kansa ya yi mamaki, ya tambayi zuciyarsa wane jinƙai ne ya rage wa irinsa.

Kakin zuma da itacen da suka ɗauko ba su nutsewa, su ne suka riƙe jirgin. Amma filafilai sun yayyage, abinci ya lalace, suka yi mako huɗu cikin yunwa da sanyi kafin su isa gaɓar Ayalan ran 8 ga Afrilu. Cikin makonnin nan ya yi ta karanta Sabon Alkawari. Da fari ayoyin da ya haddace a gaban uwarsa tsoro suka ba shi, musamman na cikin Ibraniyawa masu magana a kan wanda ya san gaskiya sa'an nan ya juya mata baya. Ya ga kamar tasa ta ƙare. Abin da ya buɗe masa ƙofa shi ne Luka sura 15, labarin ɗan da ya watsar da gādonsa ya komo gida, uban ya tarye shi tun yana nesa. Ya ga babu wanda labarin ya dace da shi kamarsa. Da suka sauka ya riƙa zuwa majami'a safe da yamma, ya ci Jibin Ubangiji, saɓo kuwa ya fita daga bakinsa. Da Ingila ta sake lissafin kalanda cikin 1752, ranar hadarin ta koma 21 ga Maris, ya kuwa riƙa keɓe ta kowace shekara don addu'a har tsufansa.

Hausawa su kan ce kowa ya tuba don wuya ba lada. A wajen mutane maganar tana da gaskiyarta. Amma in mun duba labarin ɗan nan na cikin Luka, ai yunwa ce ta koro shi gida, uban kuwa bai tsaya binciken abin da ya koro shi ba. Bishara ba ta ce tuba aiki ne da a ke biyan lada a kansa ba. Gafara kyauta ce, Kristi ya riga ya biya tamaninta a kan gicciye. Abin da a ke dubawa shi ne abin da ya biyo bayan wuyar. A nan ne fa labarin Niyuton ya ke da wuyar faɗa.

Abin da idonsa bai gani ba

Wanda ya tsira daga teku cikin Afrilu 1748, kafin shekarar ta ƙare ya riga ya shiga jirgin bayi mai suna Brownlow, shi ne mataimakin kyaftin. Ya koma gaɓar nan ta Saliyo inda bayi suka ciyad da shi, yana bin koguna cikin kwalekwale yana sayen mutane. Ya auri Meri cikin Fabrairu 1750. Daga 1750 zuwa 1754 ya yi tafiya uku yana kyaftin da kansa, ɗaya cikin Duke of Argyle, biyu cikin jirgin da a ke kira African, ya kwashi ɗaruruwan 'yan Afirka zuwa tsibiran Indiya ta Yamma inda a ke noman rake. Watau duk babban cinikin bayin da ya yi, bayan hadarin ya yi shi.

Littafin da ya ke rubuta al'amuran jirgi kowace rana yana nan, an buga shi cikin 1962. Wanda ya karanta zai ga mutum mai ibada. Ran Lahadi ya kan tara 'yan jirgi su yi sujada, ya hana ashar, yana koyon Latin, yana rubuta wa matarsa wasiƙu masu daɗi. A ƙarƙashin ƙafafunsa kuwa mutane ne kwance cikin mari. In bawa ya mutu, lambarsa ya kan rubuta, gama bai san sunansa ba. Cikin Disamba 1752 ya gano bayi suna shirin tayarwa, sai ya sa aka ɗaure waɗansu yara, aka matse musu manyan yatsu da wani ƙarfe mai juyawa don su faɗi gaskiya duka. Ku duba fa, 'yan'uwa. Mutumin da ya sami gafara kyauta sa'ad da ya furta laifinsa, shi ne ke matse furci daga bakin yara da ƙarfe, alhali laifinsu shi ne neman 'yancin kansu.

Kada mu ce munafuki ne, gama ba haka ba ne. Cikin shekarun nan yana binciken zuciyarsa ƙwarai, yana furta wa Allah sanyin addu'arsa, da fushinsa, da mugayen tunani. Akwai wani saurayi da ya ɓad da bangaskiyarsa tun suna jirgin yaƙi. Ya sake gamuwa da shi, ya ɗauke shi cikin tafiyarsa ta ƙarshe don ya komo da shi hanya, amma saurayin ya mai da masa da hujjojin da shi ya koya masa, zazzaɓi kuma ya kashe shi bai tuba ba. Wannan ya dame shi matuƙa. Amma sana'ar kanta, ya shaida daga baya cewa bai taɓa shakkar halaccinta ba a lokacin. Doka ta yarda da ita, manyan mutane suna ci daga cikinta, ya ɗauka ita ce rabon da Allah ya ba shi. Iyaka dai wani lokaci ya kan ji ƙyamar zama kamar yari kullum cikin sarƙa da makulli, ya kan roƙi Allah ya sake masa aiki. A tafiyarsa ta ƙarshe ba wanda ya mutu a jirgin, da ya komo har godiya ya sa aka yi a majami'a.

A tsibirin San Kits cikin 1754 ya gamu da wani kyaftin mai bi, Aleksanda Kuluni. Suka yi kusan wata guda suna hira kowane maraice. Shi ya koya masa yin addu'a a gaban mutane, ya kuma nuna masa cewa tsayawarsa a gaban Allah ta dogara ga alkawarin Kristi, ba ga ƙarfin niyyarsa ba. Daga nan tsoron nan na kullum, kada ya sake faɗuwa a yashe shi, ya rabu da shi. Cikin Nuwamba na shekarar, saura kwana biyu ya tashi wata tafiya, wani ciwo ya buge shi ya faɗi a some. Likitoci suka hana shi tafiya. Haka ya bar cinikin bayi, ciwo ne ya fisshe shi, lamirinsa bai farka ba tukuna.

Mai kiwon garke

Cikin 1755 ya sami aikin kwastan a Libaful, yana binciken jiragen da suka shigo tasha. Da dare ya koya wa kansa Helenanci da Ibrananci, ya kuma saurari manyan masu wa'azi na zamanin, Joji Witfil da Jon Wesli. Ya nemi a naɗa shi cikin Ekklisiyar Ingila a 1758, aka ƙi, gama ba shi da digiri, ana kuma ganin zafin addininsa ya yi yawa. Sai cikin 1764 aka naɗa shi, aka tura shi Olni, wani ƙaramin gari na matalauta masu saƙar leshi. Ya yi shekara 16 a can yana shiga gida gida, ya kafa taron yara da taron addu'a, majami'a ta cika har aka ƙara mata wurin zama.

Cikin shekarar nan ta 1764 aka buga labarin rayuwarsa. Bai rufa wa kansa asiri ba a kan saɓo, da lalata, da rashin biyayya. Amma da ya zo kan bayi, 'yan layuka kaɗan ya rubuta, bai kira abin zunubi ba. Shi da abokinsa mawaƙi Wiliyam Kupa suka tsara waƙoƙi don taron addu'a, aka tara su cikin littafi guda a 1779, waƙa 348, wajen 280 nasa ne. Shahararriyar nan ya shirya ta ne don wa'azin ran 1 ga Janairu 1773, a kan addu'ar Dawuda da ke cikin Littafin Tarihi na Fari sura 17, inda sarkin ya ke mamakin yadda Allah ya ɗauko shi daga ƙasƙanci. Babu maganar bayi a cikinta.

Cikin 1780 ya koma wata majami'a a tsakiyar Landan, unguwar bankuna. Mutane suka riƙa zuwa gidansa neman shawara, gama an san shi da sauƙin hali ga masu laifi. Cikin Disamba 1785 wani saurayi ɗan Majalisar Dokoki, Wiliyam Wilbafos, ya zo wurinsa a ɓoye. Zuciyarsa ta dame shi a kan zunubansa, yana tunanin barin siyasa. Niyuton ya ba shi shawara ya zauna inda ya ke ya bauta wa Allah a can. Wilbafos ɗin nan ne ya yi shekara 20 yana fama a Majalisa don a hana cinikin bayi.

Ranar wanka

Cikin 1787 aka kafa ƙungiyar neman hana cinikin. Masu riba da shi suna cewa ana kula da bayi da kyau, masu suka kuwa ba su taɓa shiga jirgi ba. Ana bukatar wanda ya gani da idonsa. Niyuton yana da shekara 62, sunansa ya yi kyau, yawancin masu sauraronsa ba su tuna da tsohuwar sana'arsa. Da ya yi shiru ba mai tuhumarsa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Cikin Janairu 1788 ya fitar da ɗan ƙaramin littafi a kan cinikin bayin Afirka, ya bayyana tun daga farko cewa furcin laifi ne ya ke yi a bainar jama'a, ya san ya makara, ba kuwa zai iya gyara ɓarnar da hannunsa ke ciki ba. Ya ce abin zai zama masa dalilin kunya muddin ransa.

Sa'an nan ya faɗi abin dalla dalla. Ya kwatanta yadda a ke jera mutane cikin jirgi kamar littattafai a kan kanta, biyu biyu cikin mari, ba wurin juyawa. Ya faɗi wari da zafi da cututtuka, da yadda a kan wayi gari a tarar da rayayye ɗaure da gawa. Ya kimanta cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka saya su kan mutu kafin a sauke su. Ya faɗi wulaƙancin da 'yan jirgi ke yi wa mata, da azabar da a ke yi wa masu tayarwa, da yadda Turawa ke zuba ruwa cikin barasa su rage awo su cuci masu sayarwa. Ya kuma ƙaryata masu cewa baƙar fata dabbobi ne, ya shaida cewa ya zauna cikin mutanen Sharbaro ya tarar da gaskiya da mutunci, har ma in aka zargi ɗayansu da zamba ya kan tambaya ko an ɗauke shi Bature ne. Ƙungiyar ta aika wa kowane ɗan Majalisa da littafin. Cikin 1790 ya tsaya gaban kwamitin Majalisa ya amsa tambayoyi da bakinsa.

Ku lissafta. Daga hadari zuwa wannan furci shekara 40 ne. Daga barinsa jirgi kuwa shekara 33 da 'yan watanni.

Matarsa ta rasu cikin Disamba 1790. Da ya tsufa idonsa ya dushe, tunaninsa ya raunana, amma ya ci gaba da wa'azi har ya haura shekara 80. Masu ziyartarsa sun ba da labari cewa ko da mantuwa ta cinye sauran abubuwa, bai manta da girman zunubinsa da girman Mai Cetonsa ba. Ran 25 ga Maris 1807 dokar hana cinikin bayi ta tabbata a Ingila. Ya rasu ran 21 ga Disamba na wannan shekara, yana da shekara 82. Bautar kanta ba a yi dokar kashe ta a ƙasashen da Ingila ke mulki ba sai 1833.

Akwai zaren da ya haɗa shi da ƙasarmu. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mishan ta C.M.S. cikin 1799. Saboda dokar 1807 ne jiragen yaƙin Ingila suka riƙa tare jiragen bayi, cikin 1822 kuwa suka kuɓutar da wani yaro Bayarabe mai suna Ajayi suka sauke shi a Saliyo, 'yan C.M.S. suka koya masa karatu. Shi ne Bishof Ajayi Crowther, wanda aka naɗa cikin 1864, shekara 100 daidai bayan naɗin Niyuton.

Abin da na gani cikin labarin

Wani zai ce, ashe tuban muzuru ya yi a 1748, kaza a baki. Ni ban ga haka ba. Abin da ya sani zunubi ne ya furta, ya kuma bari. Wasiƙar Yohanna ta Fari, sura 1, ta yi alkawarin gafara da tsarkakewa ga mai furta zunubansa, ba ta sa sharaɗin sai ya gama gano su duka ba. Da haka ne, da ba wanda zai tsira. Allah ya karɓe shi da makantarsa, sa'an nan ya yi shekaru yana buɗe masa ido. Amma wannan bai wanke jinkirinsa ba. Akwai Kiristan zamaninsa da suka riga shi gani, kamar jama'ar Kwaka, da Jon Wesli wanda ya rubuta a kan mugun abin nan tun 1774. Kowace shekara da ya yi shiru, jirage suna ta tashi.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne irin zunubin da ya ɓuya masa. Saɓo da ashar kowa ya san laifi ne, furta su ba wuya. Wanda ya gagare shi gani shi ne wanda ke ciyad da shi, wanda doka ta halatta, wanda maƙwabtansa duka ke yi. Laifi tudu ne, mu kan taka namu mu hango na wani. Yana da sauƙi mu 'yan Afirka mu la'anci kyaftin ɗin Bature, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari, gama akwai baƙaƙen hannuwa da suka kamo mutanen suka kai bakin teku. Mu ma da za mu riƙe aji, akwai abubuwan da aka saba da su har ba a kiransu laifi: dukan yaro don huce haushi, fifita ɗan mai kuɗi ko ɗan ƙabilarmu, ƙara maki don an kawo mana kaza, barin aji mu tafi harkar kanmu alhali muna karɓar albashi. Mai addu'ar furta zunubi ya kamata ya roƙi Allah ya nuna masa har waɗanda bai gani ba.

Wani kuma zai ce, ina adalci a nan? Waɗanda ya kwashe sun mutu a gonakin rake, shi kuwa ya mutu a kan gadonsa da daraja. Tambaya ce mai nauyi, ba na so in wuce ta da sauri. Gafarar da ya samu ba ta komo da ko mutum ɗaya gida ba, shi ma ya faɗi haka. Bangaskiyarmu ba ta ce zunubinsa ƙarami ne ba. Ta ce girmansa ya kai sai da Ɗan Allah ya mutu saboda shi, Allah kuwa ya san sunan kowane ɗaya da Niyuton ya rubuta da lamba. Gafarar Allah kuma ba ta share hakkin mutane. Zakka mai karɓar haraji, da Yesu ya shiga gidansa, ya tashi ya mayar wa waɗanda ya cuta. Niyuton ba shi da hanyar mayarwa. Abin da ya rage masa shi ne sunansa mai kyau, shi ya ajiye a gaban Majalisa don a ceci waɗanda ba a kama ba tukuna.

A nan ne na ga amfanin gafara. Mutumin da bai tabbata an gafarta masa ba, dole ya yi ta kāre kansa, gama in asirinsa ya tonu ba shi da sauran abin tsayawa. Dawuda ya kwatanta wannan cikin Zabura 32, yadda shirunsa ya cinye jikinsa har ran da ya faɗi laifinsa. Niyuton ya iya tona kansa a gaban dukan Ingila domin ya san shari'arsa ta riga ta ƙare a gaban Wanda ya fi Ingila. Ƙarfe ya matse furci daga bakin yaran nan cikin 1752, bai kuwa canza zuciyar kowa ba. Alheri ne ya fito da nasa furcin cikin 1788. Mu tuna da wannan ran da yaro ya yi laifi a ajinmu muna so ya faɗi gaskiya. Yaron da ya san akwai gafara a gaba ya fi saurin buɗe baki.

Saboda haka, 'yan'uwa, in an ba mu darasin nan mu koyar, mu faɗe shi duka, da hadarin da shekaru arba'in ɗin da suka biyo. Yara za su iya ɗauka. Allah ya buɗe mana ido mu ga namu da wuri, ya ba mu ƙarfin hali mu kira shi da sunansa. Amin.